Kanwar Da Ta Sha Ruwan Sarki

A zamanin da ake tafiya Makka da ƙafa, lokacin da mutum kan bar gida da ɗa a goye ya dawo da shi da gemu, wani ayarin mutanen Gumel ya yi zango a ƙasar Masar, a gindin wani jan dutse da ke yamma da kogin Nilu. Annoba ce ta toshe musu hanyar da aka saba bi, shi ya sa suka biyo kogin. A cikinsu akwai wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Hansai, da 'yar ƙanenta Barira wadda ta riƙa tun tana cikin tsumma, da mijin Barirar, Nomau. A gindin dutsen nan Barira ta sauka, ta sami 'ya mace. Ayari ya yi musu barka ya wuce, aka bar su a kan in an yi suna su biyo sawu.

Ita Gwaggo Hansai Allah ya yi ta da ƙyanƙyami. Ko ƙuda ne ya gifta ta kan ƙwaryarta sai ta wanke ta da toka. In ta ga abin da bai yi mata ba, ba ta ɓata bakinta da magana, sai ta kau da kai ta tsartar da yawu, har a Gumel akan ce in kana neman inda Hansai ta bi, ka duba ƙasa. 'Ya'yanta na cikinta duk sun koma tun suna ƙanana, saboda haka Barira ce kaɗai abin da take kallo ta ji sanyi.

Jego kuwa a wurinta ba abin wasa ba ne. Wankan ruwan zafi safe da yamma, nama da yaji, sannan kunun kanwa, wanda in babu shi, a ganinta ba a yi komai ba. Ga shi kanwarsu ta ƙare tun a Darfur. Ta aiki Nomau ƙauyen da ke bakin kogi neman ta, ya dawo ya ce mutanen dariya suka yi masa, wai su ba sa cin ta. Gwaggo ta ce dama shi ko kogi aka aike shi ɗebo ruwa zai dawo ya ce ya ƙafe.

Washegari ta hau gefen dutsen neman itacen dafa ruwan wanka, sai ƙafarta ta burma cikin wani rami. Da ta leƙa ta ga manyan tuluna jere, bakinsu liƙe da laka. Ta fasa ɗaya, sai ga ƙulle-ƙullen tsumma fal, kowanne cike da jar kanwa irin wadda ko a kasuwar Gumel sai mai rabo. Ta ɗanɗana, ta ji ta da kaifi. Akwai wani ɗan ƙarni-ƙarni da ke tashi daga tsumman, amma ta ce daɗewa ce. Mai ƙyanƙyami ma in buƙata ta kama shi hancinsa toshewa yake yi. Ta cika bakin zanenta, ta sauko ta dama kunu da sauran geronsu, Barira ta shanye ƙwarya guda.

Kafin rana ta sake fitowa nonon Barira ya ɗauke. Leɓɓanta suka tsattsage, fatarta ta fara yin baƙi tana manne wa ƙashi. Ta sha ruwa tulu guda, amma ko ɗigon gumi bai fito mata ba. Jaririya ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, tun tana tsala kuka har muryarta ta disashe.

Nomau ya ruga ƙauye ya zo da wani tsoho mai jan ruwa, da yake shi Nomau yana ɗan jin Larabci. Tsohon na ganin ƙullin tsumman ya ja da baya ya toshe hanci. Ya ce mutanen dauri na ƙasar in sarkinsu ya mutu ba sa binne shi kamar kowa. Farke cikinsa suke yi su kwashe, su tula masa kanwa ciki da waje har ta tsotse duk ruwan jikinsa, sannan su naɗe shi. Ita kuma kanwar sai a ƙulle ta a binne kusa da kabarinsa, don ruwan sarki ne a cikinta.

Nomau bai gama fassarawa ba Gwaggo ta zagaya bayan bukka. Ta yi amai har ta ga kamar hanjinta zai biyo, ta kuskure baki da toka, ta sake kuskurewa, ta goge harshe da yashi. Ita da ba ta shan ruwa a moɗar wani, yau ga shi ta dama wa 'yarta romon gawa da hannunta. Da ta dawo ta juye sauran kanwar a ƙwarya, ta ɗauki muciyarta. Nomau ya ce ta bari shi ya je, ta ce ya zauna ya riƙa ɗiga wa jaririya ruwa a baki, wanda ya ɗebo da zafi ai bakinsa za a zuba.

Rana tsaka ta shiga ramin. A bayan tulunan ta sami matakala ta gangara cikin dutse, ta bi har ta kai wata ƙofa. A bakin ƙofar wani dogo yana tsaye, jikinsa na mutum, kansa na dila.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, ke ce kika sha sarki?"

Ta ce, "Ni ɗanɗanawa kawai na yi. 'Yata ce ta sha. Da na san ko mene ne, ko kare ba zan ba..." Ta dubi fuskarsa, ta haɗiye sauran maganar. "Ga abarku na dawo da ita. A sakar mini yarinya."

Dilan ya ce wadda ta dawo da ita sun karɓa, amma wadda aka dama ta riga ta zubar da ruwan da aka ba ta ajiya. Kanwar sarki kuwa ba ta zama da ƙishi. Tana cikin Barira yanzu tana tsotsar madadin abin da ta rasa, kuma ba za ta bari ba sai ta bushe ta ƙaƙas, sai fa in sarki da kansa ya ce ta daina. Ya ce shi mai tsaron ƙofa ne, in tana da ƙarfin hali ta shiga ta roƙa. Ya tafa hannu, sai ga waɗansu 'yan mutum-mutumi na yumɓu, ba su fi tsawon ludayi ba, sun fito ɗauke da wani kwano na dutse. Ya ce su za su raka ta.

Suka bi wani dogon lungu wanda bangonsa ke cike da zanen mutane da tsuntsaye da macizai, duk suna juya ido suna bin ta da kallo. Kashin jemage ya kai mata idon sawu. Ta yi ta tsartar da yawu hagu da dama, 'yan mutanen nan suna ta kai-kawo a gindin ƙafarta, har ta kusa take ɗaya. Ta ɗauka rawar kai ce irin ta 'yan rakiya, ba ta kula su ba.

Lungun ya ƙare a bakin wani kogi baƙi mai kauri, yana tafiya a hankali yana kumfa. Warinsa ya doke ta har ta dafa bango. Daga cikin kumfar wata murya ta ce mata wannan ruwan wankan gawarwakin ƙasar ne tun farkon zamani, duk abin da aka wanko daga cikinsu nan yake taruwa. Gada ɗaya ce a kansa, siririya, mai santsi, ba ta takuwa da ƙafar ɗan Adam. Tana tsaye sai ƙasa ta fara rawa. Wani buzuzu ne ya taho, girmansa ya kai na bijimi, an yi masa ado da zinariya a wuya, yana tura dunƙulen kashi da ya fi rumbu tsawo.

'Yan mutum-mutumin suka faɗi suka yi gaisuwa. Gwaggo ta riƙe baki. A garinsu wannan halitta ko yara da tsinke suke ture ta, a nan kuwa ita aka naɗa wa sarauta.

Buzuzun ya ce, "Ni ne mai tura rana daga gabas zuwa yamma. Wanda ya gaishe ni na haye da shi, wanda ya raina ni ya kwana a gaɓa."

Ta tuna da leɓɓan Barira. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, babba. Allah ya ƙara girma."

Ya ce ta hau. Abin da ba ta sani ba, buzuzu da baya yake tafiya, kai a ƙasa, ƙafafun baya a kan kayansa. Haka ta ƙetare kogin nan a kan gadon bayansa, fuskarta dab da dunƙulen, yana juyawa yana yayyafa mata ɓarɓashi a ɗankwali. Ta rufe ido ta yi ta karanto duk addu'ar da ta sani, tsakanin kowace aya da tsartuwa.

A ɗaya gaɓar ta tarar da wani ɗaki inda aljanu huɗu ke zaune sun juya wa juna baya. Ɗaya kansa na mutum, ɗaya na biri, ɗaya na shaho, ɗaya na dila ƙarami. Gaban kowanne akwai tulu na farin dutse a kife, a tsakiyar ɗakin kuma ga waɗansu baƙaƙen abubuwa a tule, sun cakuɗe da ƙaro da tsumma. Mai kan mutum ya ce su ne masu gadin kayan cikin sarki, shi hanta, biri huhu, dila tumbi, shaho hanji. Tun da daɗewa ɓarayi suka shigo neman zinariya suka zazzage tulunan, tun ran nan suke gardamar wanne ne na wa. Hannun mai rai ne ya zubar, hannun mai rai ne zai mayar, kuma ƙofar sarki ba ta buɗuwa sai an mayar.

Gwaggo ta nemi ta tona da muciya, suka ce da hannu. Ta ɗaure hanci da gefen mayafi ta tsuguna. Ta wanke kayan cikin rago a Sallar layya ba adadi, amma na rago sabo ne, kuma na halal. Wannan kuwa ya yi danƙo, yana manne mata a farce, wani wuri ya ruɓe ya zama gari, wani wuri yana ja kamar igiya. Ta gane hanta da nauyinta, huhu da rashin nauyi, tumbi da saƙar da ke cikinsa. Hanjin ne ya ba ta wuya, don sai da ta warware shi kamu-kamu tana naɗewa a gwiwar hannu. Gumi ya yi ta zuba daga goshinta, 'yan rakiya suna ta zarya a ƙarƙashin haɓarta.

Da ta gama ta tambaya ina tulun ƙwaƙwalwa. Shaho ya ce ba ta da tulu, da ƙugiya ake zaƙulo ta ta hanci a zubar, don ba ta da wani amfani. Gwaggo ta ce lalle ta ga alama tun daga bakin ƙofa.

Bango ya tsage, ta shiga ɗakin sarki. Zinariya ko'ina, gadaje da kujeru da karusai, ga gasassun agwagi an naɗe su da tsumma kowacce a cikin ɗan akwatinta, ga gurasa ta zama dutse. Rubutu ya rufe bango daga sama har ƙasa, amma wuri-wuri an bi an kankare shi da kurfi. A tsakiya akwai akwatin dutse, cikinsa akwati, cikin wannan ma wani akwatin. Dilan bakin ƙofa ya riga ta isowa, shi ya ɗaga murfin ƙarshe. Abin da ke ciki ya tashi zaune yana ƙara kamar busasshen kara, ya cire fuskar zinariyar da aka rufa masa.

Fatarsa baƙa ce ta yamutse kamar tsohuwar salka da aka manta a rana. A ramin idanunsa an cusa ƙananan albasa, hancinsa cike da masoro. Gwaggo ta ce a ranta wannan ai haɗin miya aka yi masa, gishiri kawai ya rage. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe," sannan ta ga gaisuwar ba ta dace da mai ita ba, amma ta riga ta fita.

Sarkin ya yi magana, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. "Ya ke baƙuwa, dubi bangon nan. Duk inda kika ga an kankare, sunana ne. Wanda ya gaje ni ya sa aka goge shi, har ni kaina na manta. A ƙasata da suna ake zuba wa matacce ruwa. Kowane sarki a dutsen nan ya sha, ni ban taɓa samun ɗigo ba. Abin da na dogara da shi ruwan jikina da ke cikin kanwar nan, ranar tashi in karɓi abina. Ke kuma kika dama shi da gero."

Ta ce, "Kuskure ne, kuma nawa ne. Yarinyar ba ta san komai ba, jego take yi. In ta bushe, jaririyarta ma ta tafi."

"Ruwana nake so. Ban damu da rijiyar da zai fito ba."

Dilan ya kawo ma'auni. A gefe ɗaya na ma'aunin ya ɗora dunƙulen busasshiyar kanwa, ya ce nauyin abin da aka zubar ke nan. Sannan ya yafito 'yan mutum-mutumin, suka matso da kwanonsu suna nishi. Gwaggo ta leƙa. Duk yawun da ta tofar tun daga bakin ƙofa, da duk gumin da ta zubar a kan kayan ciki, ga shi nan sun tara, yana kumfa, har da jan goron da ta ci da safe. Yawu ya cika mata baki, ta kau da kai ta tsartar. Ɗaya daga cikinsu ya daka tsalle ya cafe da kwanon.

Aka ɗora kwanon a ma'auni. Ya motsa, amma kanwa ta rinjaye shi. Dilan ya ce saura za a cike daga jikin Barira, kuma ba da daɗewa ba. Ya ɗauko wani madubi na tagulla ya miƙa mata. A ciki ta ga bukkarsu. Barira na kwance idanu sun faɗa, tana ta ƙoƙarin tura busasshen nono a bakin jaririya, jaririyar kuwa ta daina ko motsa baki. Nomau na gefe ya haɗa kai da gwiwa.

Rabon Gwaggo Hansai da kuka tun ranar da aka fita da ɗanta na ƙarshe a tabarma. Yau sai ga shi ya zo mata ba sallama. Ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya, hawaye da majina, 'yan yumɓu suna tarewa. Ma'auni ya yi ta ɗagawa har ya kusa daidaita, sannan ya tsaya, saura kaɗan.

Sarkin ya ce, "Guga kike ba ni, tsohuwa. Ba ni rijiyar. Idanunki da bakinki, har iyakar ranki."

Ba ta tambayi kowa shawara ba. Ta ce, "Ɗauki."

Dilan ya ɗebi garin kanwar ya shafa mata a fatar ido, ya ɗora mata a harshe. Ta ji wani abu ya tsotse ta tun daga maƙogwaro, kwanon ya cika har baki, ma'auni ya daidaita. Sarkin ya ɗaga hannu ya ce kanwa ta saki yarinyar. Sannan ya karɓi kwanon da hannu biyu ya kafa kai. Gwaggo ta ji ƙarar kowane kurɓi, ta so ta tsartar, ga shi babu abin tofarwa.

Ya ajiye kwanon ya ce, "Sanyi." Fatarsa ta fara saki tana kumbura. Albasar idonsa ta tsiro. Can sai wani wari ya cika ɗakin, wanda ya sa na kogin nan ya zama turare. Sarkin ya ɗaga hanci ya tambaya mene ne wannan.

Gwaggo ta ce, "Kai ne, ranka ya daɗe. Abin da ya kamata ya same ka tun tuni ne, aka hana ka."

Bai yi fushi ba. Ya koma ya kwanta a hankali kamar wanda ya dawo daga gona, naman jikinsa yana zamewa daga ƙashi. Duk da ƙyamar da take ji sai ya ba ta tausayi, mutum ya shekara dubbai ba a bar ƙasa ta taɓa shi ba. Ta tsuguna ta ɗebi turɓayar da ta zubo daga bangon da aka kankare, ta watsa masa. Dilan ya nuna mata wata ƙofa a bayan akwatin, tana fita ta ga kanta a gefen dutse, rana ta karkata. Da ta waiwaya babu ƙofa babu rami.

Tun daga nesa ta jiyo kukan jaririya, da ƙarfinsa. Ta tarar da Barira zaune sharkaf da gumi, nono ya jiƙa mata gaban zane. Gwaggo ta so ta yi kukan murna, idanun suka yi zafi kawai. Ta wuce kogi ta yi wanka da toka har fatarta ta yi ja, ɗankwalin kuwa ƙona shi ta yi. Daga ranar ba ta iya haɗiye tuwo sai da ruwa a gefe, goro kuma ta bar shi. Ta gaya wa Barira abin da ya faru a taƙaice, ta ce kada ta sake tambayarta.

Ranar suna Nomau ya sayo ɗan rago a ƙauye, ya raɗa wa yarinya Hansatu, sunan Gwaggo na yanka. Aka miƙo mata takwararta don ta sa mata albarka. A gidansu kuwa babbar mace ce ke karanta addu'a ta tofa wa jariri a maɗiga, haka kakar Barira ta yi wa Barira, haka aka yi wa Gwaggo kanta. Ta karanta addu'arta tsaf, ta tattara leɓe, ta tofa. Iska ce kawai ta fito. Ta sake, ba ko danshi. Ta miƙa yarinyar, ta ce a kai wa wani ya yi.

Barira ba ta karɓa ba. Ta juya baya ga mijinta, ta matso nono a kan yatsanta, ta kawo bakin tsohuwar.

Gwaggo ta ja da baya ta yamutsa fuska. "Ke, wace irin ƙazanta ce wannan? Nonon mutum?"

Barira ta ce, "Ai naki ne, Gwaggo. Ke kika sayo shi."

Tsohuwar ta dubi ɗigon nan fari yana rawa a kan yatsa, ta dubi maɗigar yarinyar tana bugawa. Ta runtse ido kamar mai shan maɗaci, ta buɗe baki. Sannan ta sunkuya ta sake karanta addu'ar daga farko, ta tofa wa Hansatu a ka.